Wane suna za mu raɗa wa boutique hotel da Hausa?

Jama'a, assalamu alaikum. Yau ma neman kalma ya kawo ni. Duk mai fassara labarin tafiye-tafiye ya san wurin da ake yin tuntuɓe: marubuci ya ce ya sauka a boutique hotel, mai fassara ya rubuta "ƙaramin otal" ya wuce abinsa. Ba ƙarya ya yi ba, amma rabin maganar ya faɗa. Ƙaramin otal ai har da wanda ke bakin tasha, mai fanka ɗaya da zanin gadon da ya ga jiya ya ga yau.

Ga abin da ake nufi. Otal ne mai ɗakuna kaɗan, galibi daga 10 zuwa 100, kuma sau da yawa a cikin unguwa yake, tsakanin gidajen mutane, ba a gefen filin jirgi ko babban titi ba. Da yawansu tsofaffin gidaje ne ko ma'ajiyar kaya aka gyara. Shi ya sa ɗakunan ba sa zama iri ɗaya: wannan yana da faɗi, wancan rufinsa a karkace, na can tagarsa na kallon tsakar gida. Akwai hannun mutum guda a jikin ginin, wanda ya zaɓi launin bango da kujeru da fitilu bisa son ransa. Idan ka kwana a babban otal na kamfani a Dubai, ka sake kwana a reshensa na Landan, da asuba sai ka leƙa taga kafin ka tuna a wace ƙasa kake. Boutique hotel kuwa an gina shi ne don kada ya yi kama da kowa.

Sunan ma daga nan ya samo asali. A 1984 Ian Schrager da Steve Rubell, waɗanda a da suke da gidan rawar Studio 54, suka buɗe otal ɗin Morgans a birnin New York. Wata Bafaranshiya, Andrée Putman, ita ta tsara cikinsa, har makewayinsa masu tayil baƙi da fari suka yi suna. Rubell ake danganta wa kalmar, don shi ya kwatanta manyan otal da katafaren kanti mai sayar da komai, nasu kuma da ɗan shagon da ke sayar da zaɓaɓɓun kaya. Amma abin ya riga sunan zuwa duniya: Anouska Hempel ta buɗe Blakes a Landan tun 1978, Bill Kimpton kuma ya fara nasa a San Francisco a 1981.

To, bismillah. Na ga shawarwari sun fara shigowa.

Malam, na ga ka ce mu ari kalmar kawai, mu ce "otal butik", tunda mun ari intanet da kwamfuta ba mu mutu ba. Gaskiya ne, kuma Larabawa ma haka suka yi. Matsalar ita ce butik ta riga ta shigo Hausa da wata ma'anar. A bakin wasu shagon tufafi ne, a bakin waɗanda suka taso da Faransanci kuma kanti ne kawai. Ka ce wa mutum ka kwana a otal butik, zai ɗauka a cikin shagon atamfa aka shimfiɗa maka katifa. Kwamfuta ta zo ta tarar da fili, ita wannan ta tarar da mai gida.

"Otal na alfarma" kuma ya tafi wani wajen. Alfarma tana kawo hoton bene mai hawa 30 da dogarai a ƙofa. Wani boutique ɗin yana da tsada ƙwarai, wani kuma matsakaici ne, tauraro 3 kacal.

"Otal na musamman": a'a, don Allah. Mun gajiyar da "na musamman". Mai ba da shawara na musamman, taro na musamman, rahoto na musamman. Kalmar da ta dace da komai ba ta nuna komai.

Hajiya ta kawo "keɓaɓɓen masauki". Ranki ya daɗe, ma'anar ta kusa, don lallai wurin a keɓe yake da sauran. Sai dai ki gwada ta a bakin magidanci yana waya da gida: "Na sauka a wani keɓaɓɓen masauki." Kafin ya ajiye wayar an fara yi masa tambayoyi. Keɓewa tana da nata nauyin a kunnen Bahaushe, kuma ba shi muke nema ba. Amma na karɓi rabin shawararki, wato masauki. Ya fi otal dacewa a nan. Masauki yana tafe da mai masauki, kuma ainihin abin da ake saya a irin wannan wuri ke nan: wanda ke kan teburin karɓar baƙi ya san sunanka tun kwana na biyu, ya san ba ka son ɗakin da ke kallon titi, idan ka tambaye shi inda za ka ci abinci zai tura ka inda shi kansa yake ci, ba inda aka buga a takardar 'yan yawon buɗe ido ba.

Wani ƙanina ya ce "otal tilo", saboda ba shi da na biyu. Na so ta sosai, gajeriya ce, tana da daɗin faɗa. Sai na sa ta a jimla: "Akwai otal tilo a unguwar." Kowa zai fahimci cewa guda ɗaya ne rak a unguwar. Ta faɗi.

"Gidan baƙi" yana da mai shi tuni, kada mu ƙwace.

Yanzu ga tawa, ku auna ta: ɗan masaukin ƙwalisa.

"Ɗan" ya ɗauki ƙanƙanta, kuma ƙanƙanta ce ta sha'awa, ba ta raini ba. "Masauki" ya ɗauki karɓar baƙo. "Ƙwalisa" ta ɗauki ado da tsari da son a gani a yaba. Kunne ma yana jin amon "ɗan ƙwalisa" a ciki, mutumin da ba lallai ya fi kowa kuɗi ba, amma hularsa da takalminsa sai sun yi magana da juna kafin ya fita. Jam'i ba wahala: 'yan masaukan ƙwalisa. A jimla: "Ta kama ɗaki a wani ɗan masaukin ƙwalisa da ke tsohuwar unguwar birnin." Babu wanda zai tsaya neman ƙamus.

Na san abin da Malam zai ce, ga shi ma ya faɗa: ƙwalisa tana da ɗan ƙamshin ado ba aiki, kamar ana yi wa wurin shaguɓe. Allah ya gafarta Malam, ni wannan ƙamshin ne ma ya sa na riƙe ta. Duk wanda ya saba sauka a irin waɗannan wurare ya san ado yakan ci haƙƙin amfani. Fitilun sun yi kyau a hoto, amma ba za ka iya karatu da su ba. An cire kabad an kafa ƙusoshi uku masu kyau a bango. Ƙofar makewayi ta gilashi ce, ko ma babu ita gaba ɗaya, abin da zai sa abokan tafiya biyu su riƙa fita waje suna jiran juna. Tsohon gini ne, don haka babu na'urar hawa bene, kai da akwatinka za ku san adadin matakalar. Wasu ba su da mai tsaron tebur cikin dare, lambar buɗe ƙofa ake turo maka a waya, idan cajinka ya ƙare a hanya kuwa sai addu'a. Ga wurin ajiye mota da wuya a samu. Idan kuma akwai wurin shaƙatawa a ƙasan ginin da 'yan unguwa ke taruwa, to ɗakin da ke samansa ba na mai barcin wuri ba ne. Shi ya sa mai hankali yake tambaya kafin ya biya: wane hawa ne, tagar ina take kallo, ƙarfe nawa ake rufe tebur. A babban otal ba ka buƙatar waɗannan tambayoyin, a nan kuwa ɗaki da ɗaki sun bambanta.

Saboda haka kalmar da ke yabo tana kuma ɗan kashe ido ta fi gaskiya a kan abin. Wanda ke son ta fita fes babu shaguɓe, a labaran rediyo misali, yana iya cewa "ƙaramin masauki mai salon kansa". Doguwa ce, amma ba ta da aibi.

Saura tambayar da Hajiya ta dawo da ita, kuma tana da ƙarfi: me za mu yi da manyan kamfanonin da suka shigo harkar? Starwood ya buɗe otal ɗin W na farko a New York a 1998 da ɗakuna sama da 600, aka kuma riƙa kiransa boutique hotel. Marriott ya fito da Autograph Collection a 2010, Hilton ya biyo da Curio a 2014, sannan IHG, mai Holiday Inn, ya sayi kamfanin otal na Kimpton ɗungurungum a 2015 kan dala miliyan 430. A Turanci kalmar ta saki, kowa na liƙa ta a allonsa. A Hausa muna da sauƙin da su ba su da shi: mu cire "ɗan", mu mayar da "otal". Mai ɗakuna 600 otal ɗin ƙwalisa ne, mai ɗakuna 20 a lungun unguwa shi ne ɗan masaukin ƙwalisa. Masu fassara, ku gwada su a aikinku na wannan makon, ku faɗa mana inda suka ƙi zama.