Neman kalma: yaya za mu ce "backup" da Hausa? Ina buƙata kafin gobe

Malamar Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koya wa matan aure kwamfuta da yamma, kuma gobe da safe zan kai takardar darasi a buga. Darasin a kan backup ne, wato sake adana abin da ke cikin kwamfuta a wani wuri don kar ya ɓace, da external hard disk, na'urar adana bayanai da ake jona wa kwamfuta daga waje. Kwamfutocinmu duk tsofaffi ne, Windows 7 ce a kansu, wadda Microsoft ta daina kula da ita tun 14 ga Janairu, 2020, ga wuta da ake ɗaukewa ba sallama. Kalma biyu nake nema, waɗanda ɗaliba za ta ji ta gane ba sai na yi dogon bayani ba.

Ɗan Kurna: Wa alaikumus salam. Ajiya. Na biyun kuma ma'ajiyar waje.

Injiniya: Malama, don Allah kar ki sa ajiya ita kaɗai. Gyara nake yi a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ina ganin ɓarnar da take yi. Mutum zai tura hotunan biki da takardun fili cikin filashi, ya goge na kwamfuta don ya sami wuri, ya ce ai ya yi ajiya. Wata baiwar Allah ta zo min da nata a ƙulle a bakin mayafi, kan ya lanƙwashe, hotunan marigayi mijinta duk suna ciki, babu su a ko'ina kuma. Ban iya ciro ko ɗaya ba. Dole kalmar ta nuna abin biyu ne, ɗaya a kwamfuta, ɗaya a waje. Ni "kwafin ajiya" nake ce musu.

Maman Sadik: To ko "ajiyar ko-ta-kwana"? Kowa ya san ko-ta-kwana, abin da ke zaune yana jiran ɓacin rana.

Baba Malam: Kwafi dai Turanci ne aka sa wa hula. Harshen da ya haifi yanar gizo da manhaja bai gaza ba. Na daɗe ina kiran a ce TAGWAITA, daga tagwaye. Na tagwaita aikina, ki tagwaita naki, an tagwaita. Ga aikatau, ga suna tagwaitawa, ga ma'anar biyun da yaron nan yake nema, duk a kalma ɗaya.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, tana da daɗin faɗa. Sai dai shawarar masana ita ce kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya kuma a wajen gida saboda gobara ko sata. Tagwaye biyu ne kawai.

Baba Malam: Sai ka sake tagwaitawa. Matsalarku kenan, ku 'yan zamani, kome Bature ya faɗa sai ku haɗiye.

Ɗan Kurna: Baba, da girmanka, littafi da alƙalami daga Larabci suke, mota da tebur da asibiti daga Turanci, ba wanda ya ce ba Hausa ba ne. Na'ura mai ƙwaƙwalwa ma an daɗe ana faɗinta a rediyo, amma je Beirut Road, inda ake sayar da kwamfutoci a Kano, ka ji ko akwai mai sayarwa da ita. Kwamfuta kowa ke cewa.

Baba Malam: Kasuwa ce za ta koya mana Hausa? Jami'ar Bayero ta fitar da ƙamus a 2006, malamai suna nan da ransu. Can ake zuwa.

Ta Damagaram: Ku Kanawa kullum sai ku yanke wa Hausa hukunci kamar taku ce ku kaɗai. Mu a nan Faransanci ke shigo mana, kwafinku ba lallai ya zauna a bakinmu ba. Ni ina bayan Baba.

Ɗan Kurna: Yaya, ba wanda ya raina ku. Amma ɗaliban nan a Gwammaja suke.

Malamar Gwammaja: Jama'a ku yi haƙuri, dare na yi. Har yanzu ba a ba ni ta biyun ba.

Maman Sadik: Rumbun waje. Na cikin kwamfuta rumbun ciki. Ma'ajiya ta yi faɗi, har durowa ma'ajiya ce.

Injiniya: Wannan ta yi, kuma ta raba shi da filashi, wanda ya kamata su sani na ɗaukar aiki ne daga nan zuwa can, bai dace da dogon tanadi ba. Jabunsa ma ya yi yawa: ya nuna maka babban wuri, ka zuba kaya, ka dawo ka tarar ba sa buɗewa. Ki ƙara musu waɗannan a takardar, Malama. Yawancin tsofaffin kwamfutoci ramin jona na'ura na tsohon yayi, wato USB 2.0, gare su, sabon rumbu zai yi aiki amma a hankali, kar su zare shi don sun gaji da jira. Idan na'urar tana kan tsarin jera fayil da ake kira FAT32 ba za ta karɓi fayil ɗaya da ya wuce 4GB ba, sai an mai da ita wani tsarin kamar NTFS, kuma yin hakan ta hanyar fomatin, wato sake tsara na'urar daga farko, yana goge kome. In akwai mai Windows XP a gida, kar ta sayi rumbun da ya haura 2TB. Idan an gama a cire shi ta ƙa'ida a adana, don in an bar shi a jone, bayaros ɗin da ya ci kwamfuta zai ci shi.

Malamar Gwammaja: Na gode ƙwarai. Na haɗa ta Injiniya da ta Maman Sadik, na rubuta "kwafin ko-ta-kwana" da "rumbun waje". Baba, zan faɗa musu tagwaita da baki a aji, in ji wadda za su riƙe.

Baba Malam: Da baki kawai? To. Rumbun waje na yarda da ita. Kwafi kuwa ban yarda ba, kuma ki dawo ki gaya mana abin da matan suka ce.