Rautar tafiya ba ta buɗe shafin shiga na Wi-Fi ɗin otal, kuma ina son ta riƙa shiga da kanta

Matafiyi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da ƙaramar rauta ta tafiya mai aiki da OpenWrt (manhajar da ke sarrafa rauta), wadda nake haɗawa da Wi-Fi na otal ko na filin jirgin sama, ita kuma ta rarraba wa wayata da kwamfutata intanet. Matsalata biyu ce. Ta farko, a wurare da dama rautar tana nuna ta haɗu, har ma ta karɓi adireshin IP, amma shafin nan da ake amincewa da sharuɗɗa ko a saka lambar ɗaki ba ya fitowa a kan kowace na'ura tawa, alhali idan na haɗa wayar kai tsaye, nan take shafin yake bayyana. Ta biyu, a inda aka dace shafin ya buɗe, bayan wasu awoyi sai a katse ni, sai na sake shiga. Shin akwai yadda za a yi rautar ta riƙa yin wannan shigar da kanta? Ina amfani da VPN na WireGuard (kulallar hanyar da duk saƙonnina ke bi) a kan rautar, kuma na kunna saitin da ke toshe intanet gaba ɗaya idan VPN ya faɗi.

Mai Gyaran Netwok:

Wa'alaikumus salam, Malam Matafiyi. Ka ajiye maganar shiga ta atomatik tukuna, domin babu umarnin da zai cike shafin da rautar kanta ba ta iya kaiwa gare shi.

Wannan shafi ba ya fitowa haka kawai. Da zarar na'ura ta haɗu da sabon Wi-Fi, takan aika wata 'yar tambaya ta HTTP marar kulle zuwa adireshin da ta riga ta san amsarsa. Android tana tambayar connectivitycheck.gstatic.com tana jiran amsa mai lamba 204, na'urorin Apple suna tambayar captive.apple.com, Windows kuma www.msftconnecttest.com. Idan netwok ɗin otal ya tare tambayar ya mayar da wata amsa daban, sai na'urar ta gane akwai shinge, ta buɗe maka shafin. Duk abin da ya hana wannan tambaya isa ga netwok ɗin otal a fili, to ya hana shafin fitowa, kuma rautarka tana da abubuwa uku da ke iya yin hakan.

Na farko shi ne wanda ka faɗa da bakinka. Saitin toshe intanet ya ce babu abin da zai fita sai ta cikin VPN, shi kuma VPN ba zai haɗu ba sai otal ya buɗe maka hanya, otal ɗin kuma ba zai buɗe ba sai ka cike shafin da saitin ya hana ka gani. Ka kashe VPN ɗin da saitin baki ɗaya, ka shiga, sannan ka mayar da su. Na biyu shi ne DNS, wato tsarin da ke fassara sunan shafi zuwa adireshin IP: idan ka tilasta wa rautar amfani da sabar waje irin 1.1.1.1 ko 8.8.8.8, ko DNS mai kulle, to ba ta tambayar sabar otal ɗin, alhali sau da yawa ita kaɗai ce ta san sunan shafin shigar. Na uku, wanda ya fi wahalar da mutane saboda ba su suka kunna shi ba, shi ne kariyar da dnsmasq (shirin da ke kula da DNS a rautar) yake zuwa da ita a OpenWrt, wadda ke watsar da duk amsar DNS daga waje idan tana ɗauke da adireshin cikin gida irin 10.x.x.x ko 192.168.x.x. Kariya ce mai kyau a gida, amma shafin otal galibi a irin wannan adireshi yake zaune. Za ka same ta a saitin rautar, a ɓangaren DHCP (tsarin raba adireshin IP) da DNS, da sunan Rebind protection, kuma rajistar rautar takan nuna saƙo duk lokacin da ta jefar da amsa.

Bayan ka gyara waɗannan, ka rubuta neverssl.com a burauza, domin shafi ne da ba ya amfani da HTTPS, saboda haka otal ɗin zai iya karkatar da kai. Ka kuma duba kada rukunin adireshin rautarka ya zo ɗaya da na otal. Idan dukansu 192.168.1.x ne, rautar ba za ta san ta wace ƙofa za ta tura saƙo ba, sai ka sauya naka.

Malama Injiniya:

Bayanin da ke sama ya wadatar a kan matsala ta farko, bari in taɓa ta biyu. Yawancin waɗannan shafuka da lambar MAC, wato lambar shaidar na'ura a netwok, suke gane baƙo, kuma tun da na'urorinka suna bayan rauta, lambarta kaɗai otal yake gani, shi ya sa shiga ɗaya take wadatar da su duka. Abin lura shi ne kada lambar ta riƙa sauyawa. Idan rautar tana ƙirƙirar sabuwar lamba duk lokacin da ta sake haɗuwa, otal ɗin zai ɗauke ka sabon baƙo, ko da wa'adinka bai ƙare ba. Inda shafin ya ƙi buɗewa ta rauta ko ta halin ƙaƙa, ka shiga da wayarka kai tsaye, ka kwafi lambarta ka saka wa rautar, sannan ka cire wayar daga Wi-Fi ɗin otal. Sai dai tun daga Android 10 da iOS 14 wayoyi suna amfani da lambar wucin gadi ga kowane Wi-Fi, don haka lambar da za ka kwafa ita ce wadda ke cikin bayanan wannan Wi-Fi ɗin, ba ta asalin wayar ba.

Shiga ta atomatik tana yiwuwa, amma ya danganta da shafin. Ka buɗe kayan aikin masu tsara shafi a burauzar kwamfuta kafin ka danna maɓallin amincewa, ka duba abin da aka aika, ka kwafe shi a matsayin umarnin curl, shirin da ke aika saƙo zuwa shafi ba tare da burauza ba. Idan abin da aka aika bai wuce lambar ɗaki da suna ko alamar amincewa ba, aikin ya zo da sauƙi: ɗan shirin da zai gwada adireshin nan mai amsa 204 lokaci-lokaci ta hanyar cron (mai kunna shiri a kan lokaci), idan amsar ta sauya ya aika umarnin. Manhajar Travelmate ta OpenWrt tana gane shafin shiga da kanta, kuma tana ba da damar a ɗaura wa kowane Wi-Fi nasa shirin shiga, saboda haka ba sai ka fara daga tushe ba.

Wahalar tana zuwa ne idan shafin yana ba da lambar shaida da ke sauyawa a kowane zama. Misali, tsarin rautocin kamfanin MikroTik yana iya amfani da hanyar da ake kira CHAP, inda burauza take haɗa kalmar sirri da wata lambar da sabar ta bayar a lokacin, ta yi musu wani lissafi mai suna MD5, sakamakon take aikawa. Maimaita tsohon umarni ba zai yi aiki a nan ba, dole shirin ya fara ɗauko shafin, ya ciro lambar, ya yi lissafin da kansa. Inda kuma ake turo lamba ta saƙon waya, ko ake neman ka tabbatar kai mutum ne, to ka haƙura da atomatik.

Tsohon Hannu:

Ni kam ra'ayina ya ɗan bambanta da na Malama. Rubuta shiri yana da riba ne ga wanda yake yawan komawa wuri ɗaya. Mai kwana biyu a otal ya wuce, lokacin da zai ɓata yana bin diddigin shafin ya fi na danna maɓalli sau ɗaya a rana, kuma ranar da aka sauya fasalin shafin, shirin ya tashi daga aiki ba tare da ya sanar da kai ba. An fitar da ƙa'idojin intanet masu suna RFC 8910 da RFC 8908 a 2020 domin netwok ya riƙa sanar da adireshin shafinsa a fili ta DHCP, har da sauran lokacin da ya rage wa mutum, amma sai wurin da ka sauka yana amfani da su kafin ka amfana. Haka nan ka karanta sharuɗɗan wurin, domin wasu suna ƙayyade yawan na'urori, kuma shirin da ke amincewa a madadinka bai sauke maka wannan nauyi ba.

Ka kuma kula da agogo. Yawancin ƙananan rautoci ba su da batirin riƙe lokaci, sai sun samu intanet suke saita shi ta NTP, wato daga sabar lokaci. Idan agogon yana baya, curl zai iya ƙin yarda da takardar shaidar shafin HTTPS, sabar WireGuard ma tana iya yin watsi da gaisuwar rautar saboda lokacin da ke cikinta ya gabaci na baya da ta karɓa. LuCI, shafin saitin OpenWrt, yana da maɓallin daidaita agogo da na burauza.

Matafiyi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Da na kashe VPN da kariyar dnsmasq ɗin, shafin ya fito. Saura abu ɗaya: idan na bar wuri na kunna rautar a wani wurin, nata Wi-Fi ɗin ma ɓacewa yake yi, sai na haɗa ta da kwamfuta da kebul. Mene ne dalili?

Mai Gyaran Netwok:

Wannan ba lalacewa ba ce, Malam. Idan rediyo ɗaya ne yake karɓar Wi-Fi ɗin otal kuma shi ne yake watsa naka, dole su zauna a tasha ɗaya, kuma muddin yana neman tsohon Wi-Fi ɗin da babu shi a wurin, naka ba zai tashi ba. Travelmate yana magance wannan ta hanyar kashe ɓangaren karɓar har sai ya ga sunan da ya sani. Idan rautar tana da rediyo biyu, ka ware na 2.4 GHz ga ɗaya aikin, na 5 GHz ga ɗayan, kuma idan na 5 GHz ne kake watsa naka da shi, ka zaɓi tasha daga 36 zuwa 48, domin tashoshin DFS, waɗanda ake tarayya da radar a kansu, suna jiran aƙalla minti ɗaya suna sauraren radar kafin su fara aiki. Ita kuwa kariyar dnsmasq, maimakon ka bar ta a kashe, ka saka sunan shafin otal ɗin a jerin waɗanda aka yarje wa, ka sake kunna ta.