Injiniyan Lantarki ko Kimiyyar Kwamfuta: Wanne Zan Cike a JAMB?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai, domin lokacin rajistar JAMB ya matso, kuma har yanzu ban tsayar da kwas ɗin da zan cike ba. Na kammala sakandare a ɓangaren kimiyya, kuma alhamdu lillahi na samu kiredit a Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri da bayoloji. Mahaifina yana so in karanci injiniyan lantarki, ɓangaren na'urori da sadarwa, saboda a ganinsa wanda ake kira injiniya ba ya rasa abin yi. Ni kuwa zuciyata ta rabu biyu. Tun ina ƙaramar sakandare nake zama a shagon wani maƙwabcinmu mai gyaran waya da inbata, har na iya riƙe mita da narka darma, amma a bana na fara koyon rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python a wayata, na ga abin ya shiga raina fiye da yadda na zata.

Ni ne babba a gidanmu, kuma ƙarfin mahaifina bai kai ya ɗauki nauyin karatun da zai ƙare a zaman jiran aiki ba. An ce mini injiniya shekara biyar ne, kimiyyar kwamfuta kuma huɗu, an kuma ce ƙirƙirarriyar basira za ta kashe aikin masu rubuta manhaja. Don Allah waɗanda suka bi ɗaya daga cikin hanyoyin nan su faɗa mini gaskiyar karatun da kuma yadda kasuwar aikinsa take.

Amsar wani injiniyan sadarwa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni lantarki na karanta, kuma a harkar sadarwa nake cin abinci, saboda haka ka san ɓangaren da na fito kafin ka auna maganata. Abin da nake so ka fara lura da shi shi ne akwai ilimin da ake iya samu a wajen jami'a, akwai kuma wanda sai da ɗakin gwaje-gwaje da malami da takardar shaida. Rubuta manhaja yana cikin na farko, kai kanka shaida ne tunda da waya ka fara. Amma lissafin zagayen lantarki, da sarrafa sigina, da ilimin igiyoyin rediyo, da tsarin kariyar na'urori masu ɗaukar wuta mai ƙarfi, da wuya mutum ya zauna a ɗaki ya haɗa su shi kaɗai, kuma ko ya haɗa, ba wanda zai ba shi aikin da sai injiniya mai rajista da hukumar COREN, mai kula da aikin injiniya a Najeriya, ke sa masa hannu. Wannan ne ya sa injiniyan lantarki yake tsallakawa zuwa manhaja cikin sauƙi, amma ba kasafai ake ganin ɗan kimiyyar kwamfuta ya dawo ya zama injiniyan lantarki ba. Mitchell Elegbe, wanda ya kafa Interswitch, kamfanin fasahar biyan kuɗi, a 2002, lantarki ya karanta a Jami'ar Benin.

Sai dai kada in rufe ka game da kasuwa. A Najeriya ba mu da masana'antun ƙera ƙwayoyin na'ura irin na Taiwan ko Koriya ta Kudu, saboda haka wanda ya shiga da burin zana ƙwaƙwalwar waya, mafi yawanci sai ya fita waje ƙarin karatu. Aikin da ke gabanmu a nan na girkawa ne da kulawa da gyara. Tun da aka fara wayar salula ta GSM a 2001, kamfanonin sadarwa, irin su MTN da Airtel da Glo na yanzu, da masu kula musu da ƙarafan sabis suke ɗaukar injiniyoyi, yawanci ta hannun 'yan kwangila, kuma aikin farko na yawo ne: a kira ka cikin dare a ce wani ƙarfen sabis ya mutu a ƙauye, ka je ka tarar batir ne ya ƙare ko an yanke wayar gilashi mai ɗaukar sadarwa wajen haƙar kwalbati. Akwai kamfanonin rarraba wuta da aka sayar wa 'yan kasuwa a 2013, irin su KEDCO mai kula da Kano da Katsina da Jigawa, akwai kamfanin TCN mai dakon wutar, akwai kuma masana'antun siminti na Obajana da Sakkwato da ƙananan masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai, inda ake neman wanda ya iya na'urorin da ke sarrafa injuna da kansu.

Babbar ƙofar da ta buɗe kuwa ita ce sola. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da asibitoci da masu noman rani suke komawa ga hasken rana. Masu haɗawa suna da yawa, amma waɗanda za su zauna su lissafa nauyin da gida ke ja, su fitar da girman batir da kaurin waya daidai, ba su da yawa, shi ya sa ake ta jin inbata ta ƙone ko batir ya mutu bai shekara ba. Kai da ka riga ka san warin darma, wannan hanya ce da za ka fara samun na kashewa tun kana aji uku.

Amsar wani mai rubuta manhaja:

Yallaɓai injiniya ya yi bayani mai kyau, amma akwai inda zan saɓa masa cikin girmamawa. Mutane da yawa suna ɗaukar kimiyyar kwamfuta a matsayin koyon rubuta manhaja kawai, alhali abin da ake karantarwa ya wuce nan: tsarin adana bayanai, da dabarun warware matsala mataki-mataki da auna saurinsu, da yadda babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta take raba aiki, da rumbun bayanai, da wani nau'in lissafi na hujja da dalili wanda ya bambanta da na injiniya. Wanda ya koyi Python a YouTube zai iya gina shafin intanet, amma ranar da mutum dubu ɗari suka shiga manhajar a lokaci guda ta tsaya cak, a nan ake gane wanda ya yi karatun tushe. Waɗanda suka kafa Paystack, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da kamfanin Stripe na Amurka ya saya a 2020, kimiyyar kwamfuta suka karanta a Jami'ar Babcock.

Ƙanena, amfanin wannan fanni ga ɗan talaka shi ne jarinsa kaɗan ne, kuma kasuwarsa ba ta tsaya a garinku ba. Da kwamfuta ɗaya da data da wutar da za ta riƙe ka, kana Gusau za ka iya yi wa kamfanin Legas ko na Turai aiki. Bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya da hukumomin gwamnati duk suna bukatar masu tsaron bayanai da masu kula da rumbunansu.

Batun ƙirƙirarriyar basira kuwa, ba zan ce maka ba komai ba ne. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ƙananan ayyukan da sababbin shiga suke fara cin abinci da su, irin su haɗa shafi mai sauƙi, na'ura tana yin su cikin mintoci, kuma samun aikin farko ya yi wuya fiye da 'yan shekarun baya. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne mai kwafe-kwafe. Wanda ya fahimci tushe har zai iya duba abin da na'urar ta rubuta ya ce nan ta yi kuskure, shi kam aikinsa sauri ya ƙara. Gargaɗina ɗaya ne: takardar digiri kaɗai ba ta samar da aiki a fanninmu. Ranar ganawa, abin da za a ce maka shi ne ka nuna abin da ka gina.

Amsar wata malamar jami'a:

Ɗana, duka su biyun gaskiya suka faɗa maka, ni zan tsaya ne a kan tsarin shiga da na karatun, domin a nan ɗalibai suka fi yin asara. Ka cike Turanci da lissafi da fiziks da kemistiri a JAMB. Wannan haɗin shi ne na injiniya, kuma kimiyyar kwamfuta ma tana karɓarsa, saboda haka ko sakamako ya fito ka sauya ra'ayi, ko makinka bai kai inda aka yanke ba, za ka iya canza kwas ba tare da ka rasa shekara ba. Wanda ya sa bayoloji a madadin kemistiri ya rufe wa kansa ƙofar injiniya tun daga rajista.

Maganar shekara huɗu da biyar ma tana bukatar gyara. A jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya da Bayero ta Kano, kimiyyar kwamfuta huɗu ce, injiniya biyar, amma a jami'o'in fasaha kamar ta Minna, digirin kwamfutar ma shekara biyar ne. Ka kuma sa a lissafinka cewa kalandar jami'ar gwamnati tana iya gocewa, domin yajin aikin ASUU na 2022 kaɗai wata takwas ya ɗauka, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Abin da ban ji an ambata ba shi ne akwai kwas a tsakiyar biyun, wato injiniyan kwamfuta, wanda ake yi a tsangayar injiniya na shekara biyar, ana haɗa ilimin na'ura da na manhajar da ke tafiyar da ita. Yaron da ya iya narka darma kuma yake jin daɗin Python, a ganina nan ne gidansa, kuma mahaifinka zai samu injiniyan da yake so. Kafin ka zaɓi kowace jami'a, ka tabbatar kwas ɗin yana da amincewar hukumar NUC mai kula da jami'o'i, idan na injiniya ne kuma har da ta COREN, saboda rashin ta biyun yana hana mutum rajistar zama injiniya bayan ya gama.

Sai tambayar da ya kamata ka yi wa kanka tsakaninka da Allah: yaya kake da lissafi? Ba kiredit nake nufi ba, ina nufin ko za ka iya zama awa biyu a kan matsala ɗaya ba ka ture littafin ba. A aji biyu ake tankaɗe ɗaliban injiniya, lokacin da lissafin ya koma na sauye-sauye da lambobin da ba a taɓa gani a sakandare ba, kuma yawancin waɗanda na ga sun sha wahala ba rashin basira ba ne, sun shigo ne don sunan injiniya alhali gyaran na'ura suke so, ba nazarinta ba.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Malama, lissafi yana cikin darussan da na fi so, kuma wannan injiniyan kwamfuta da kika ambata ban taɓa sanin ya bambanta da kimiyyar kwamfuta ba. Abin da ya rage mini shi ne kuɗi, domin ba ni da kwamfuta. Shin dole ne sai na mallake ta kafin in fara?

Amsar malamar:

A aji ɗaya za ka iya lallaɓawa, tunda darussan gama-gari ne na lissafi da fiziks da kemistiri, amma daga aji biyu kwamfuta ta zama wajibi a kowanne daga cikin kwasa-kwasan uku. Ba sai sabuwa ba. 'Yar gwanjo mai lafiyayyen batir ta isa, sai dai ka tafi da maigidanka na shago ya duba maka kafin ka biya. Game da kuɗin makaranta, akwai asusun NELFUND da ya fara ba ɗaliban manyan makarantun gwamnati rance marar ruwa a 2024, ana fara biya shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, sannan ka nemi tallafin karatu na jiharku da zarar ka samu lambar shiga.

Amsar injiniyan sadarwa:

Na goyi bayan Malama a kan injiniyan kwamfuta, da sharaɗin kada ka bar shagon nan. Kafin sakamakon JAMB ya fito, ka nemi ɗan allon Arduino, wata ƙaramar na'ura da ake rubuta wa umarni, ka rubuta masa umarnin da zai auna ƙarfin batirin inbata ya kunna fitila idan ya yi ƙasa, sannan ka kai wa mahaifinka ya gani da idonsa kafin ku zauna maganar kwas. Idan kuma ka kai aji huɗu, lokacin horon wata shida na koyon aiki a masana'antu da ake kira SIWES, kada ka karɓi wurin da za a ajiye ka a ofis kana sa hannu a littafi. Ka nemi inda za a ba ka kayan aiki a tura ka fili, domin da yawa daga cikinmu a wurin da muka yi wannan horon aka fara kiranmu aiki bayan bautar ƙasa.