Kayan rezin na Sherman ba kwali ba takarda: wane kit ne, kuma da me zan haɗa shi?

Tanko_35:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan wata leda ta kayan rezin, sassan haɗa ɗan ƙaramin samfurin tanka, da ba ta da kwali ko takardar bayani. Na san dai Sherman ce, tankar yaƙi ta Amurka ta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ga abin da ke ciki: kan tanka mai juyawa, wani ɗan akwati da ake mannawa a ƙeyarsa, garkuwar igwa mai faɗi, dogon bututun igwa na alminiyom mai ɗan ƙwallo a baki, gangar sama, murfin gaba mai layi biyu na notuna, allon baya, da wasu dogayen alluna biyu masu alamar wuraren tayoyi. Babu taya ko ɗaya, babu sarƙa. Wace Sherman ce wannan, kuma wane kit na roba zan saya in ciri sauran sassan?

Magini_Rezin:

Wa'alaikumus salam Malam Tanko. Fara da rula kafin komai. Zoben da kan Sherman ke zama a kai inci 69 ne, wato milimita 1,753. Idan sikelin 1/35 ne za ka samu wajen milimita 50, a 1/48 wajen 36 da rabi, a 1/72 kuma 24. Rezin yakan ɗan tsuke idan ya bushe, saboda haka kar milimita ɗaya ta tayar maka da hankali.

Yadda ka kwatanta kayan, Firefly ce, wato Sherman ɗin da sojojin Birtaniya suka sa wa igwarsu ta 17-pounder, wadda ta shiga yaƙi a Normandy a 1944. Akwatin ƙeyar nan na rediyo ne. Gindin igwar ya cika cikin kan, sai suka huda bayan suka fitar da rediyon waje. Duba abu biyu ka tabbatar. A rufin kan, gefen hagu, ya kamata ka ga ƙofa mai kusurwa huɗu ta mai ɗura harsashi. A gaban gangar kuma, gefen dama, inda mashinga take a sauran Sherman, za ka tarar an toshe wurin da ƙarfe, domin an cire mutum na biyar, mai harba mashingar, an zuba harsasai a mazauninsa. In ka ga mashingar tana nan, to gangar ba ta wannan kan ba ce, an cakuɗa leda biyu.

Sai babbar tambayar, wadda ita ce za ta yanke maka abin da za ka saya: Ic ce ko Vc? Ic an yi ta a kan Sherman samfurin M4 mai gajeriyar ganga. Vc kuwa a kan M4A4, wadda Chrysler ta ƙera daga 1942 zuwa 1943. Injinta A57 injinan mota biyar ne aka haɗa wuri guda, kuma saboda girmansa aka ƙara wa gangar inci 11, kusan milimita 8 ke nan a 1/35. Dubi saman ɗakin inji, daf da bayan zobe: M4A4 tana da wani tudu da ya rufe lagireto. Murfin gaba mai layi biyu na notuna ma ya dace da ita, don dukkan M4A4 da irin wannan murfi mai gida uku suka fito. Amma shi kaɗai ba hujja ba ne, M4 na farko-farko ma suna da shi.

Tanko_35:

Na auna, zoben milimita 49 da ɗoriya ne. Ƙofar tana nan, an toshe wurin mashinga, tudun lagireto ma yana nan. Ke nan Vc ce a 1/35. Na gode Malam. Saura kit ɗin da zan ciri sassa.

Sarkin_Sarƙa:

Allunan nan biyu masu alamar tayoyi su suka tona asirin ledar. Gefunan gangar ƙasa ne. Wanda ya zuba su ya san kit ɗin da za a ɗora su a kai gajere ne, shi ya sa ya ba ka dogayen gefe. Irin wannan tsari na zamanin da ba a samun M4A4 ta roba ne, kafin kamfanin Dragon ya fitar da tasa a shekarun 1990. A lokacin, abin da ke hannun mutane shi ne M4A3 ta Tamiya ta 1981 da M4A1 ta Italeri, kuma yawancin masu zuba rezin a kan ɗayansu suke gwada aikinsu. Hanyar gane wanne: kifa gangar sama ka auna faɗin cikinta inda za ta hau ta ƙasa, sannan ka duba ramuka ko 'yan ƙusoshin da ke jikin allunan. Gindin rukunin tayoyi na Tamiya da na Italeri ba iri ɗaya suke shiga ba, wanda ya zauna ba tare da an sassaƙe shi ba shi ne. Launin rezin kuwa kar ka dogara da shi, kamfani ɗaya yakan canza launi daga zubi zuwa zubi. Ka fi samun amsa a Scalemates, rumbun bayanan kit na intanet: nemi Firefly Vc a 1/35, ka gwada jerin sassan da hotunan kayan kamfanonin rezin irin su Verlinden da Accurate Armour.

Abin da kake bukata daga kit na roba: rukunin tayoyi shida na VVSS (tsarin tayoyi mai sifirin a tsaye), tayoyin gaba biyu masu haƙora, tayar baya biyu, ƙasan ganga, fitilu, kayan aiki irin su shebur da gatari, da murafun ƙofofi in babu su a ledar. Kar ka sayi mai HVSS (tsarin da ya zo daga baya, mai sifirin a kwance), irin M4A3E8. Faɗin sarƙarta inci 23 ne, na VVSS kuwa wajen 16 da rabi, kuma Firefly Vc ba ta hau HVSS ba.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne sarƙa. Gajeriyar Sherman gaɓa 79 take da su a kowane gefe, M4A4 kuma 83. Kowace gaɓa inci 6 ce, wajen milimita 4.35 a sikelinmu, don haka sarƙar roba ta kit ɗin za ta gaza da kusan milimita 17. Ja ta da ƙarfi ba ya magani, sai dai ya karya sandar tayar baya bayan 'yan makonni. Nemi sarƙa mai gaɓa ɗai-ɗai, samfurin T62 ko T54E2, ka tabbatar fakitin ya kai gaɓa 166. Wasu fakitocin na gajeriyar ganga ne, sai ka kai ƙarshe ka ga saura takwas.

Idan kana son daidai da tarihi, duba hannun da ke riƙe ƙaramar tayar sama. Na M4A4 miƙaƙƙe ne a kwance, mai lanƙwasa sama daga baya ya zo. Tayoyin kuma na Chrysler rufaffu ne da aka buga da inji, ba masu huji tsakanin sanduna ba.

Hajiya_Fenti:

Ni dai ra'ayina daban, Malam Tanko. Yanzu akwai Firefly Vc cikakkiya ta roba, ta Asuka wadda a da ake kira Tasca, da ta Rye Field Model, kuma da wuya tsohon zubin rezin ya kamo su a kyau. In ka haɗa kit na tushe da sarƙa da sababbin tayoyi, wahalar ta fi ribar. Da ni ce, kan da bututun zan ɗauka in ɗora a kan M4 mai walda da ƙananan ƙofofi, in toshe mashinga, in samu Ic, babu yanka ganga babu neman doguwar sarƙa. Kar dai ka ɗora shi a kan M4A3 ka ce Firefly ce ta Birtaniya.

In kuwa ka ƙudura sai Vc ɗin, ga yadda rezin ke so. Wanke kowane sashe da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da buroshin haƙori, don maiƙon mazubi yana hana fenti da gam kamawa. Ragowar zubi da siririn zarto ake yanke ta, kar a ɓalle da hannu, rezin tsagewa yake. Goge da sanfefa a jiƙe kuma ka sa takunkumi, ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu. Gam ɗin filastik ba ya narka rezin, sai sufa gulu, ko gam mai haɗi biyu a manyan gaɓoɓi don ka samu mintunan daidaitawa.

Dogayen allunan kusan kullum a karkace suke zuwa. Tsoma su a ruwan zafi mai digiri 70 na Celsius na rabin minti, ka danne a kan gilashi, ka zuba ruwan sanyi. Wajen haɗawa, yanke ƙasan gangar roba ka cike tazarar da filastik mai kaurin milimita 1, ka tokare ciki da alluna biyu a tsaye. Manna rukunin tayoyin da gangar na zaune a kan gilashin, in ba haka ba taya ɗaya za ta rataye a iska kuma sarƙa ba za ta ɓoye ta ba. In ta Tamiya ta 1981 ce, ƙarƙashin fukafukan gangar, wato gefunan da ke saman sarƙa, a buɗe yake, rufe shi da filastik na rabin milimita.

Tanko_35:

Allah ya saka da alheri. Vc ɗin zan gwada, tunda zubin gangar ya fito ba ramukan kumfar iska. Abu ɗaya: bututun yana da nauyi, yana sunkuyar da garkuwar ƙasa.

Magini_Rezin:

Huda gindin bututun da bayan garkuwar, ka ratsa wayar tagulla mai kaurin milimita 1.5 har cikin kan, ka kafe da gam mai haɗi biyu a kusurwar da kake so. Sannan ka cusa ɗan dalma ko noti biyu a cikin ƙeya kafin ka manna akwatin rediyo, don kada kan ya riƙa ɗagowa daga zobe.