Ina neman Hausar "compile-time options" kafin Asabar

Malamar aji: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan nuna wa ɗalibaina yadda ake haɗa laburaren SQLite (shiryayyen kod na adana bayanai da manhajoji ke amfani da shi) daga tushe, wato daga ainihin rubutunsa, kuma na riga na yi musu alkawarin takarda da Hausa. Nan na maƙale. Misali SQLITE_THREADSAFE, ko 0 ko 1 ko 2, tun kafin a haɗa ake zaɓa. In ka sa 0 an cire makullan da ke hana ayyuka biyu taɓa abu ɗaya a lokaci guda ke nan gaba ɗaya, ba ka da ikon dawo da su bayan manhaja ta fara aiki. Me zan kira irin wannan?

Ɗan Zariya: Wa alaikumus salam. Zaɓin lokacin harhaɗawa. Shi ke nan.

Mai fassara: Harhaɗawa ta littafi ce, a tattaro daga nan da can. Wannan kuwa juya rubutun yaren shirya manhaja na C ake yi zuwa yaren inji. Juyi ya fi kusa.

Jikan maƙera: Malama, ki ce zubi. Ki je inda ake zubin tukwane ki gani: narkakken dalma ɗaya ne, amma kowace tukunya da mazubinta. Windows nasa daban, Linux nasa, Android nasa. Kunnen tukunya kuma tun a ƙasa ake fitar da shi, in ta huce sai dai a sake narkawa. Zaɓin zubi.

Ɗan Zariya: Ɗalibai za su ɗauka adashe aka buɗe.

Dattijo: Ni abin da ya dame ni "laburare" ne. Muna da rumbu, muna da taska, sai mu dinga aro kamar marasa gado?

Ɗan Zariya: Baba, da waya kake rubutu, a intanet.

Dattijo: Yaro, waya ta shekara nawa a bakin Bahaushe? Ta zama 'yar gida.

Na Maraɗi: Kullum haka ne, ku gama yankewa a Kano ku ce daidaitacciya. Mu da Faransanci muka koyi abin nan, ba wanda ya tambaye mu.

Mai fassara: To ga shi an tambaye ka, kawo taka.

Na Maraɗi: Ba ni da ita. Magana nake.

Jikan maƙera: A dawo kan zubi don Allah. Har CMake, manhajar tsara haɗi, ya shiga ciki: shi ba ya zubi, mazubin yake shiryawa. Zaɓinsa na BUILD_SHARED_LIBS, ka kunna ko ka kashe, duk kafin a zuba ne.

Mai fassara: Misalin ya yi, ban musa ba. Amma suna daban, misali daban. Yaron da ya riƙe "zubi" kaɗai, in ya ga saƙon kuskure da Turanci ba zai san inda ya dosa ba.

Malamar aji: Na gode muku. Na rubuta "zaɓuɓɓukan kafin haɗi", kishiyarsa "saitin lokacin aiki", da Turancin a gefe. Tukunyar zan yi bayani da ita a allo. Baba, a yi haƙuri, laburare ya zauna.

Jikan maƙera: Wato an ɗauki tukunyata an bar sunan.

Dattijo: Ni dai a takardata rumbu zan rubuta.