Yawan ambato a Google Scholar ne ke nuna gwanin binciken ciwon suga?

Ɗan_Kawo:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sani a ba ni shawara. Na gama mastas, yanzu ina neman wanda zai duba min aikin digiri na uku, kuma abin da nake son yi a kan ciwon suga ne da yadda jiki ke sarrafa abinci. Malamai biyu ne a gabana, ba zan faɗi suna ko makaranta ba. Na farkon farfesa ne, in ka buɗe shafinsa na Google Scholar, shafin da ke tattara takardun bincike, sai gabanka ya faɗi, ambato dubbai (wato sau nawa wasu masu bincike suka kafa hujja da takardunsa), takardu kuwa har ka gaji da gangarawa ƙasa ba su ƙare ba. Ta biyun mace ce, takardunta ba su da yawa, galibi kan gwajin sugan jini da ake kira HbA1c a masu ɗauke da sikila da kuma masu suga da ke azumi, lambar nan ta h-index da ake gani a shafin, tata ko rabin tasa ba ta kai ba. Abokaina duk sun ce in bi oga, wai sunansa kaɗai ya isa ya buɗe min hanyar tallafin karatu a waje. To ni dai tambayata, wannan lambar me take aunawa ne takamaimai? Kuma in ku ne wa za ku bi?

Malam_Laburare:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara da lambar tunda ita ce aikina kullum. Wani masanin fiziks ne a Amurka, Jorge Hirsch, ya fito da ita a 2005, kuma lissafin ba wuya, in aka ce h-index ɗin mutum 20 ne to yana da takardu 20 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 20 a wasu takardun. Shi ke nan. Ba ta taɓa raguwa, ko mutum ya yi shekaru bai leƙa lab ba tana nan ko ma ta ci gaba da hawa, saboda haka wanda ya fara wallafa tun zamanin soja yawanci zai fi wadda ta fara jiya, wannan tsufa ne kawai.

Na biyu, Google Scholar ba ya tankaɗe, komai ya gani a intanet sai ya ƙirga, kundin ɗalibi, takardar taro, wani lokacin takarda ɗaya ta fito sau biyu. Scopus da Web of Science, wasu rumbunan ƙirga takardun bincike, sun fi tsauri, shi ya sa za ka ga lambar mutum ɗaya ta ragu sosai in ka duba can. Ga kuma matsalar sunayenmu, A. Mohammed ko M. Abubakar nawa ne a duniya? In mutum ya bar shafinsa yana ɗibar takardu da kansa sai ya haɗiyo na wasu, da idona na ga shafin wani masanin suga ɗauke da takarda kan kiwon kifi da wata kan siminti, kuma duk an lissafa masa.

Abin da za ka yi, ka duba takardu goma na sama, ka buɗe kowacce ka ga inda sunansa yake. A harkar likitanci na farko yawanci shi ya yi wahalar, na ƙarshe shi ne mai lab ɗin. In ka ga sunan yana tsakiyar mutum ɗari biyar, irin manyan takardun Global Burden of Disease, masu ƙididdigar cututtuka a duniya, da ke fita a mujallar Lancet, to ambaton gaskiya ne amma ba lallai tunanin nasa ba ne.

Likitan_Unguwar_Rimi:
Malam ya gama magana a kan lissafi, ni bari in taɓo ɓangaren suga ɗin kansa. Fannin nan babba ne ƙwarai, masu rubutu a cikinsa sun yi yawa, don haka ambato yana da araha in ka gwada da wasu fannoni. Sannan akwai irin takardun da dole a ambace su. Misali takardar HOMA ta David Matthews da abokansa a Oksfod, ta fita a mujallar Diabetologia a 1985, an ambace ta sau dubun dubbai, dalili kuwa duk wanda ya auna suga da insulin na safe kafin karin kumallo ya yi ɗan lissafin nan don ganin ko jiki na bijire wa insulin to sai ya sa ta a jerin madogararsa. Hanyar aiki ce, kowa na buƙata. Haka takardar DeFronzo ta 1979 a kan gwajin clamp, wata hanyar auna yadda jiki ke amsa insulin. Amma fa ka lura, UKPDS, wani babban bincike kan masu ciwon suga da aka fara a Ingila a 1977, sakamako ya fito a 1998, wanda ya ɗaga darajar maganin metformin ɗin da muke rubuta wa mutane kullum, shekara ashirin aka yi ana bin marasa lafiya sama da dubu biyar kafin a samu babban sakamakon, kuma da sunan ƙungiya aka wallafa manyan takardun. Da a 1990 aka auna masu wannan aikin da abin da ya fito daga cikinsa, da an ce ba su taɓuka komai ba.

Aikin malamar nan kuwa wallahi shi ne abin da muke fama da shi a ɗakin ganin likita. HbA1c yana nuna sugan wata biyu zuwa uku ne saboda ƙwayar jan jini tana rayuwa kusan kwana 120, an yarda kashi 6.5 cikin ɗari zuwa sama ciwon suga ne. To mai SS ƙwayoyinsa ba sa kai ko kusa da haka, sakamakon sai ya fito ƙasa, ka ce wa mutum lafiya lau alhali ba haka ba. Mai AS kuma ya danganta da irin na'urar da lab ke amfani da ita, ga mu a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayar jan jini, shi ma yana saukar da shi, kuma yana da yawa a mazan Afirka. Wa zai ambaci irin wannan takarda sau dubu? Masu binciken Turai ba matsalarsu ba ce sosai.

Azumi ma haka. Binciken EPIDIAR da ya fita a 2004, ƙasashe 13, ya nuna kashi 79 cikin ɗari na masu ciwon suga nau'i na biyu da kashi 43 na masu nau'i na ɗaya sun yi azumi aƙalla kwana 15, wato ko ka hana su za su yi. Amma mu nan da buɗa-baki da kunun tsamiya da ƙosai, sahur da tuwo, ga zafi in azumi ya faɗo a Maris da Afrilu, namu bayanan muke buƙata. Tun 1968 Farfesa Adadevoh, mahaifin marigayiya Dakta Stella ta lokacin Ebola a Legas, ya rubuta kan ’yan Najeriya da suga ke kwantar da su da tsanani daga baya su daina buƙatar insulin, sai bayan shekaru masu yawa duniya ta mai da hankali kan wannan nau'in sosai.

Baaba_Rigasa:
Likita da girmamawa, amma kar a yaudari yaron nan da daɗin baki. Duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, sai dai ranar da ya nemi tallafi ko aiki waɗanda za su duba takardunsa ba su da lokacin karanta HbA1c ɗin kowa, suna da lamba kawai suke kallo. Ƙarin girma a jami'o'inmu ƙirga takardu ake yi, jerin nan na kashi biyu cikin ɗari na masu bincike da ake cewa na Stanford, wanda jami'o'i ke buga wa fosta, daga Scopus ake ciro shi. An yi ta surutun sanarwar masana da ake kira DORA tun 2012 cewa a daina auna mutum da darajar mujallar da ya wallafa a ciki, to nawa ne suka daina? Wasiƙar oga mai suna tana da nauyi, ko muna so ko ba ma so. Ni dai da ni ne oga zan bi in sha wahalar in wuce.

Anti_Malali:
Ɗana, ni lakcara ce, ga abin da ba a gani a Google Scholar. Ka nemi ɗaliban kowannensu, na yanzu da waɗanda suka gama, ka tambaye su a sirrance shekara nawa suka yi, in sun miƙa babi wata nawa yake kwana a ofis, kuma da aka wallafa aikinsu sunan wa ya zo farko. In ka ga malami yana da takardu da yawa da ɗalibansa ne a gaba shi a ƙarshe, to wannan mai raino ne.

Sannan aikin suga kuɗi yake ci. Kayan gwajin insulin daga waje ake sayowa da dala, jinin da ka ɗiba sai an ajiye shi a firiza mai tsananin sanyi, in aka ɗauke wuta kwana biyu babu janareta ko sola aikin wata shida ya narke ka dawo farko. Ka tambaya waye ke da firiza mai aiki, waye ke da alaƙa da asibitin da za ka samu marasa lafiya da izinin kwamitin ɗa'a. A nan fa Baaba yana da gaskiya ta wani ɓangaren, sau da yawa mai sunan shi ke da kuɗin bincike.

Ka kuma ɗauki sunayen mujallun da suke wallafawa ka duba a PubMed, rumbun takardun likitanci, kyauta ne. Akwai mujallun cin kuɗi da za ka tura yau jibi su karɓa in dai ka biya, su ma Google Scholar yana ƙirga su. Ka duba su waye ke ambaton, in rabin masu ambaton shi ne da yaransa to ka gane. Kuma wa ya ce dole ɗaya? Digiri na uku ai kwamitin masu dubawa ake yi, ka nemi malamar ta zama babba shi ya shigo na biyu, ko akasin haka in tsarin makarantar bai ba ta damar jagoranta ba tukuna. Amma ka fara bincika ko suna ga maciji da juna, kar ka shiga tsakani.

Ɗan_Kawo:
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Malam na bi yadda ka ce, shida cikin goman saman na oga irin masu ɗaruruwan sunaye ne, amma gaskiya sauran nasa ne shi ne a ƙarshe kuma a mujallu masu kyau, don haka ba fanko ba ne. Anti zan nemi ɗalibansu satin nan in sha Allah. Likita ƙaramar tambaya, lissafin HOMA ɗin nan na ga wasu na raba wa da 22.5 wasu da 405, wanne ne daidai?

Likitan_Unguwar_Rimi:
Duk daidai ne, ma'aunin sugan ne ya bambanta. In lab ya ba ka a mmol/L ka ninka da insulin ka raba da 22.5, in a mg/dL ne irin na yawancin ’yan na'urorin da mutane ke saya a kemis sai 405. Amma kar ka yi bincike da sugan ɗan yatsa fa, na jijiya za ka ɗiba a kai lab, kuma ka tabbatar mutum bai ci komai ba tun dare, mutanenmu sai su sha koko su ce maka ai ba abinci ba ne.