Tsofaffin littattafan makarantun kuɗi: taimako ne ko juji?

Malamin firamare: Salam jama'a. Jiya na leƙa sito na wata makarantar kuɗi a unguwarmu, wallahi katan-katan na littattafai jibge, gara har ta fara cin na ƙasa, wai sun canza kamfanin da suke saye wurinsa za su ƙona waɗannan. Ni kuwa a ajina yara biyar ke haɗa kai a kan littafi ɗaya, na gefe a karkace yake karantawa. Na ce a kwaso a raba wa makarantun gwamnati. Akwai mai ja?

Hajiya: Ni ina ja Malam. Ɗan talaka ya zama bola kenan? An taɓa kawo mana irin kyautar nan, na buɗe na soshiyal sai ga taswirar jihohi 30, Zamfara na cikin Sakkwato, Gombe na cikin Bauchi, alhali tun 1996 aka raba su, yaro ya haddace wannan ya je jarrabawa ya faɗi wa zai kama?

Malamin firamare: Hajiya ai lissafi bai canza ba, bakwai sau takwas har gobe 56 ne.

Baban yara: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Littattafan yanzu a ciki ake rubuta amsa, da biro ma, to ƙani zai gaji me? Mu a zamaninmu littafi ɗaya ya bi ta hannun mu huɗu, da takardar buhun siminti muka yi masa bango.

Mai shagon littafi: Alhaji a yi mana adalci, an sake manhaja a 2025, dole a buga sababbi.

Baban yara: Su ma na bara da na bara waccan, manhaja ce ta canza su? Jihar Imo fa a 2025 ta hana canza littafi duk shekara, ta ce sai ya yi shekara huɗu.

Hajiya: Wannan na yarda. Amma a ce gwamnati ta ga an raba kwance ta naɗe hannu, shi ne tsorona.

Malamin firamare: To ki zo ranar Asabar ki tace da kanki, na lissafi da Turanci mu ɗauka, na soshiyal mu bar wa masu ƙosai.

Hajiya: Zan zo, amma ban sauka daga maganata ba. Wa zai biya kuɗin adaidaita?